Daga Illela Zuwa Bakin Rami: Jagoran Ɗalibi Mai Son Shiga Aikin Tonon Kufai a Ƙetare

Da an ce ɗalibi ya tafi ƙasar waje aikin tonon kayan tarihi, sai hankalin mutane ya tafi ga jirgin sama da biza da dalar Fir'auna ta Masar. Ga ɗan Illela kuwa, ƙasar waje tana bayan gari ne. Daga kasuwar Illela zuwa Birnin Ƙonni da ke Nijar tafiyar 'yan mintoci ce a bayan ɗan kabu-kabu, kuma duk wanda ya tsallaka shingen nan ya shiga ƙasar da Allah ya hore wa arzikin kufai irin wanda ba kasafai ake samu ba a Afirka ta Yamma. Wannan jagora ta ɗalibi ce, namiji ko mace, mai karatun tarihi ko labarin ƙasa ko ilimin kufai, wanda ke son ya ba da ƙarfinsa kyauta a wajen tono don ya koyi sana'ar da hannunsa.

Tun kafin mu yi nisa, ka riƙe magana guda: tono ɓarna ce da ba ta gyaruwa. Ƙasar da ka kwashe ba za ta sake komawa yadda shekaru suka jera ta ba har abada. Diga da shebur ɗin masani da na ɓarawon kayan tarihi iri ɗaya ne. Izini da awo da rubutu su suka raba su. Duk abin da zai biyo baya a kan wannan tushe yake.

Abin da ke kwance a ƙetaren iyaka

A yankin Damagaram akwai Kufan Kanawa, tsohon gari mai ganuwa wanda labarin baka ke cewa daga nan wasu mutanen Kano suka taso. Anne Haour ta yi tono a wurin, littafinta a kansa ya fito a 2003. A kudu da Agadas akwai Marandet, inda aka tono dubban ƙananan kasaken narka ƙarfe, shaidar cewa an yi babbar sana'ar tagulla a bakin hamada. Can cikin hamadar Tenere kuma akwai Gobero, wadda ayarin Paul Sereno ya yi kiciɓis da ita a 2000 suna neman ƙasusuwan manyan dabbobin da suka ƙare. Sun tarar da kaburbura wajen 200 a gefen wani tafki da ya ƙafe tun dubban shekaru, tare da ƙasusuwan dorina da kada da giwan ruwa, a wurin da yau babu komai sai rairayi. A yamma, cikin jihar Tillaberi, akwai Bura, wadda aka gano a 1975, Boubé Gado na cibiyar bincike ta IRSH a Yamai ya tona ta a 1983, ya fito da tulunan binne gawa da mutum-mutumin mahayin doki na yumɓu.

In ka gangara kudu maso yamma zuwa ƙasar Dandi a arewacin Jamhuriyar Benin, akwai Birnin Lafiya a kusa da kogin Kwara. Daga 2011 zuwa 2015 masana daga Turai da Afirka sun yi aiki a can tare da ɗaliban jami'ar Abomey-Calavi, suka bankaɗo ɗakuna masu daɓen tsingaro. Irin wannan aiki, wanda ake komawa shekara bayan shekara kuma ake buƙatar hannaye da yawa, shi ne wanda ɗalibi ya fi samun gurbi a cikinsa.

Tarihin waɗannan wurare da namu a haɗe yake. Gobirawa na cewa daga Azbin suka gangaro, suka zauna a Birnin Lalle da ke cikin Nijar a yau, kafin su kafa Alƙalawa. Iyakar da ke tsakanin Illela da Ƙonni Ingila da Faransa ne suka shata ta a farkon ƙarni na 20. Mutanen da suka gina tukwanen da za ka tono ba su san da ita ba.

Yadda ake neman gurbi

Ƙofar farko ita ce malaminka. Masu jagorantar tono ba su cika ɗaukar wanda ba su san asalinsa ba, don za a zauna da shi makonni a daji, a kuma damƙa masa abin da ba shi da madadi. Ka sami malamin da ya san ƙwazonka a sashen tarihi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ko a sashen ilimin kufai na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ka roƙe shi takardar shaida da kuma sunayen abokan aikinsa na ƙetare. A Nijar, ƙofofin su ne Jami'ar Abdou Moumouni da cibiyar IRSH da Gidan Tarihi na Boubou Hama, duk a Yamai. Tarukan Ƙungiyar Masana Kufai ta Najeriya da ta Afirka ta Yamma su ma wuri ne na haɗuwa da masu neman ɗalibai.

Wasiƙarka ta zama gajera. Ka faɗi sunanka da makarantarka da ajinka, da lokacin da kake da hutu, da abin da ka iya. Kada ka raina abin da ka tashi da shi. Kana jin Hausar da ake yi daga Ƙonni har Damagaram, ka saba da zafin rana, ka san bambancin tukunyar tuwo da tulu da randa ko daga ɓallin bakinsu, ka san yadda ake gaida dattijo. Baƙon da ya zo daga Turai sai ya biya kuɗi kafin ya sami mai yi masa waɗannan. In kana jin ɗan Faransanci ko Zabarmanci ko Fulatanci, ka ambata.

Kafin ka amsa gayyata, ka yi tambayoyi huɗu. Wace hukuma ce ta ba da izinin tonon? Wace jami'a ko gidan tarihi na ƙasar ke cikin aikin? Wa zai ɗauki nauyin mota da abinci da wurin kwana? Ina za a ajiye kayan da aka tono? Duk wanda ya kasa amsa ta farko da ta ƙarshe dalla-dalla, ka rabu da shi, ko da ya yi maka alkawarin kuɗi. Makarantun tono na Turai da Gabashin Afirka kuwa galibi ɗalibi ne ke biya, kuma kuɗin ba kaɗan ba ne. Ka nemi tallafi ta hannun jami'arka, kada ka miƙa ko sisi ga dillalin da ya ce zai samo maka gurbi da biza ta WhatsApp.

Takardu da lafiya da kayan tafiya

A yankinmu da rani ake tono, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da aka gama girbi, gonaki suka zama fili, ƙasa ta bushe, zafin bazara bai kankama ba. Ka fara shiri tun damina.

Mutanen Illela sun saba shiga Ƙonni ba tare da wata takarda mai yawa ba, amma cin kasuwa daban, zama a cikin ƙasa na wata guda daban. Ka tanadi fasfo, da katin rigakafin shawara, da wasiƙar gayyata mai hatimi, da katin makaranta, ka yi kwafin kowanne ka ajiye dabam. Dokar iyaka tana sauyawa. An rufe ta a Agustan 2019 sai Disamban 2020 aka buɗe, aka sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris ɗin 2024, sannan Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Saboda haka ka je ofishin shige da fice da ke bakin iyaka da ƙafarka, ka ji abin da ake buƙata a makon da za ka tafi. Ka canza nairarka zuwa sefa a wurin 'yan canjin da aka sani, ka kuma saba da lissafin dala: dala ɗaya sefa 5 ce, dala ashirin sefa 100, jika guda sefa 1,000.

Batun tsaro ba abin wasa ba ne. A Fabrairun 2017 an sace Farfesa Peter Breunig da wani abokin aikinsa a wajen tonon kayan Nok a Janjela ta jihar Kaduna, aka kashe mutum biyu 'yan yankin da suka bi sawu, kafin a sako su bayan 'yan kwanaki. Wasu daga cikin wuraren da na lissafa a sama, musamman na Tillaberi da na cikin hamada, ba sa shiguwa a yanzu sai da shiri na musamman. Ka tambayi shugaban aiki tsarin da ya yi da hukumomin yankin, ka sanar da iyayenka inda za ka da lambar wanda za su kira, kuma kada ka riƙa baza inda kuke a Facebook.

Ka yi allurar tetanus, don aikin na tsatsa ne da yanka, da ta sanƙarau, don lokacinsa ke nan. Ka ɗauki gidan sauro, da malfa, da rawani ko takunkumin hana ƙura, da takalmi rufaffe saboda kunama da kububuwa, da bargo saboda sanyin hunturu, da fitila, da gorar ruwa babba. Na aiki kuma: ƙaramin cokalin magina mai tsini, tef ɗin awo na mita 5, fensira da abin gogewa, alƙalamin da ba ya gogewa a jikin leda, da littafi mai bangon kwali. Sauran kaya masu nauyi ayari ne ke kawowa.

Shiga gari

Ba a fara tono da diga, da gaisuwa ake farawa. Ko da akwai takarda daga babban birni, kufai yana da masu shi: maigari, da mai gonar da tudun yake ciki, da tsofaffin da suka gaji labarinsa. Ranar farko za ku je ƙofar maigari, a cire takalmi, a durƙusa, a ce "Allah ya ja zamaninka", a miƙa goro, a yi bayani. Sau da yawa kai za a sa tafinta, don haka ka faɗi abin da aka faɗa ba ƙari ba ragi, kada ka ɗauki alkawarin rijiya ko makaranta da bakinka.

Za ka ji ana raɗe-raɗin cewa tukunyar zinariya kuka zo ɗauka. Maganin wannan shi ne a bar kowa ya zo ya gani. Ka ce wa dattijo, "Baba, zo ka duba, tsingaro ne da gawayi, so muke mu san yadda kakanni suka zauna." In aka ce wani wuri ba a taɓa shi, ko kushewa ce ko wurin da mutane ke jin tsoro, ku kauce masa. 'Yan garin da aka ɗauka aiki kuwa malamanka ne. Manomin da ya shekara talatin yana huɗar tudun nan ya fi kowa sanin inda ƙasa ke sauya launi.

Zagaye da shata rami

Kafin a zaɓi inda za a tona, sai an taka wurin kaf. Za ku jeru, tsakanin mutum da mutum taku kaɗan, kuna tafiya a hankali ido a ƙasa. Abin da ake nema: tarin tsingaro, kashin maƙera, dutsen niƙa, toka, ragowar ganuwa, ramukan marina, tsofaffin kukoki a inda babu gida. Duk abin da aka gani a ɗauki lambar wurinsa da na'urar GPS a rubuta. Kada ka tsinci abu don ya burge ka sai an ce a tsinta.

Ramin gwaji yakan zama mita 1 sau mita 1, ko mita 2 sau mita 2, gefensa ɗaya yana kallon arewa. Ana kafa ƙusa a kusurwa huɗu a ɗaura zare. Don ka tabbata kusurwa ta miƙe, ka auna daga ƙusa zuwa wadda ke kallonta a karkace: a ramin mita 1 za ka sami mita 1.41, a na mita 2 kuma mita 2.83. In bai yi daidai ba a sake. Sannan a kafa turke guda a wajen ramin, wanda daga kansa za a riƙa auna zurfin komai har ranar tashi. Wannan turke kada a zauna a kansa, kada a ɗaura masa akuya, kada baro ya buge shi, don in ya gusa duk awon da aka yi ya rikice.

Tono hawa-hawa

Ka tuna yadda ake lodin buhunan albasa a tirela: wanda ke ƙasa shi aka fara sawa, na sama shi ne na ƙarshe, kuma mai saukewa daga sama yake farawa. Haka ƙasar kufai take. Mutane sun yi daɓe, sun zubar da toka, gini ya rushe a kai, iska ta kawo rairayi, wasu suka zo suka sake gini. Aikinka shi ne ka sauke waɗannan hawa ɗaya bayan ɗaya, daga na ƙarshe zuwa na farko, ba tare da ka cakuɗa su ba. Kowane hawa ana ba shi lambarsa. Inda ido bai iya raba su ba, sai a riƙa sauka santimita 10 a kowane zubi.

Ga yadda ake riƙe cokali. Ka durƙusa, ka kwantar da gefensa a ƙasa, ka jawo shi zuwa gare ka kana kankarewa, kana ja da baya don kada ka taka inda ka share. Ba a caka tsininsa. Ka saurara da kunne, ka ji da hannu: a rairayi cokali shiru yake tafiya, a toka sai ya nutse kamar babu komai, in ya hau daɓe sai ka ji ya yi ƙara ya ƙi shiga. Da ka ji sauyi, ko ka ga jar ƙasa ta koma baƙa, ka tsaya ka kira mai kula da ramin. Da sassafe aka fi ganin launi, kafin rana ta kashe ido. In ƙasa ta bushe ta zama fari ɗaya, a yayyafa mata ruwa kaɗan, sai launuka su dawo.

Hawa ba koyaushe suke kwance lafiya ba. Wani ya taɓa haƙa ramin shara ko rijiya ya ratsa na ƙasa, gara ta yi hanya, gafiya ta yi rami ta jawo ledar zamani zuwa cikin tokar shekara ɗari biyar. Irin wannan rami shi ake fara kwashewa dabam, a ba shi lambarsa, don abin da ke cikinsa ya fi abin da ke kewaye da shi ƙuruciya.

Jarrabawar sabon shiga takan zo ne ranar da bakin tukunya ya leƙo. Zuciya za ta ce ka sa hannu ka ciro. Kada ka yi. Ka ci gaba da sauke ƙasar da ke kewaye da ita daidai da sauran ramin, kana sharewa da buroshi, har ta fito ta zauna a kan daɓen da mai ita ya ajiye ta. Sai a ɗauki hoto da sandar awo da kibiyar da ke nuna arewa, a zana ta a taswira, a auna zurfinta, sannan a ɗaga ta da ƙasar cikinta. Tukunyar da aka fizge ta zama kayan ado kawai. Wadda aka bari a mazauninta kusa da murhu da dutsen niƙa ta nuna maka madafar gida.

Bangon rami ya tsaya a miƙe tsaf, don a jikinsa ake karanta jerin hawa. Ba a zama a bakinsa, ba a jingina da shi, ba a zaro abin da ya leƙo daga cikinsa. In ƙasar mai rairayi ce kuma zurfi ya kai ƙirji, a faɗaɗa sama a yi matakala, kuma kada mutum ya zauna a ciki shi kaɗai, don rami yana ruftawa ba sallama.

Rariya da leda da lamba

Duk kwanon sarkin ƙasa da ya fito daga rami sai ya bi ta rariya, wadda idonta yakan zama milimita 5 ko ƙasa da haka. Mutum biyu na girgizawa, iska na kwashe ƙura, sai a baje abin da ya rage a bi shi da yatsa. Sababbi sukan ɗauki wannan aikin wahala ne, alhali a nan ake samun abubuwan da suka fi ba da labari: ƙashin kifi, haƙorin akuya, gululun mazari, ɓallin lofe, wuri, da ɗan dutsen ado shuɗi wanda bai kai ƙwayar dawa ba. Wuri daga tekun Indiya ya fito, don haka samunsa shaidar fatauci ne mai nisa. Lofe kuwa yana nuna hawan bai girmi zuwan taba ba, wadda asalinta daga nahiyar Amurka ne, ta kuma bazu a Afirka ta Yamma wajen shekara ta 1600.

Kowane iri da ledarsa: tsingaro dabam, ƙashi dabam, ƙarfe dabam. A kan kowace leda a rubuta sunan wuri, lambar rami, lambar hawa, kwanan wata da sunan wanda ya tono, a kuma jefa wata takardar mai irin wannan bayani a ciki, don rana tana cinye rubutun waje. Ledar da ta rasa lamba ta zama shara, ko me ke cikinta. Kada a zuba ƙasar hawa biyu a rariya ɗaya. Wani lokaci za a ce ka cika buhu da ƙasa ba tare da rairaya ba: za a zuba ta a ruwa ne, ƙonannun ƙwayoyin gero da dawa da wake su taso sama, a san abin da mutanen suka noma.

Gawayi da sanin shekaru

Gutsuren gawayi ya fi tukunya sukutum daraja a wajen sanin zamani. Duk abu mai rai yana ɗauke da wani sinadari da ake kira kabon-14. In ya mutu sai sinadarin ya fara raguwa, rabinsa na tafiya a duk shekara 5,730, kuma da auna abin da ya rage ake ƙiyasta lokacin mutuwarsa, har zuwa wajen shekara 50,000. Cheikh Anta Diop ya kafa ɗakin wannan gwaji a Dakar a shekarun 1960. Da wannan hanya aka gane cewa kwalekwalen Dufuna, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙar rijiya a 1987 a yankin da ke jihar Yobe a yau, ya kai kimanin shekara 8,000.

In ka ga gawayi a murhu ko a ƙarƙashin daɓen da ba a taɓa ba, ka ɗauke shi da tsinin cokali mai tsabta, ba da hannu ba, ka naɗe a takardar alminiyam, ka rubuta zurfinsa daidai. Ba a shan taba a bakin rami, ba a hura wutar shayi kusa da shi. Gwajin yana da tsada, ayari kan iya biyan 'yan kaɗan ne kawai, don haka gawayi guda da aka gurɓata na iya ɓata lissafin shekarun gari ɗungum.

Idan aka ci karo da kabari

Da ka ga alamar ƙashin mutum, ka ajiye cokali, ka rufe wurin, ka kira shugaba cikin natsuwa ba tare da ihu ba. Shi da hukuma da dattawan gari ne za su yanke shawarar a ci gaba ko a mayar da ƙasa. Ba a ɗaukar hoto da waya don nuna wa abokai, ba a raha a wurin. Ko wane addini mamacin ya bi, ɗan Adam ne da wasu suka yi kuka a kansa. In zuciyarka ba ta natsu da wannan ɓangare ba, ka faɗa tun farko a ba ka wani aiki, babu shugaba mai hankali da zai tilasta maka.

Aikin yamma

Akan fita da an idar da sallar asuba, a tashi kafin rana ta take tsaka. Bayan la'asar sai a zauna gindin bishiya da robar ruwa da tsohon buroshin haƙori ana wanke tsingaro, leda ɗaya bayan ɗaya, a shanya kowace a tabarmarta tare da lambarta. Ƙarfe da gawayi da ƙashin da ya yi laushi ba a sa musu ruwa. A nan ido ke buɗewa. Za ka fara raba baki da gindi da hannu, ka gane adon da aka yi da murza tufkakkiyar igiya a kan ɗanyen yumɓu, da wanda tabarma ta bari. Wata rana za ka juya wani ɓalli ka ga sawun babban yatsan maginiyar a ciki, ka ɗora naka ya zauna daidai. In akwai mai ginin tukwane a garin, ka kai mata ka ce, "Inna, yaya aka yi wannan?" Amsarta takan warware abin da aka kwana ana gardama a kai.

Kafin ka kwanta ka cika littafinka: hawan da ka tona, launinsa da taurinsa, abin da ya fito, abin da kake zato da dalilinka. Ka raba abin da ka gani da abin da ka zata. In ka yi kuskure, kamar ka zarce cikin hawa na gaba ko ka haɗa leda biyu, ka faɗa nan take a rubuta. Kuskuren da aka rubuta ana iya gyara lissafinsa, wanda aka ɓoye kuwa ƙarya ce da za ta shiga littattafai.

Rufe rami da dawowa gida

Ana tsayawa ne in an kai ƙasar da babu sawun mutum a cikinta. Sai a share bango, a ɗauki hoto, a zana jerin hawa a takarda mai gidaje, santimita 1 a madadin santimita 10. Sannan a mayar da ƙasa a cike ramin tsaf, don gonar mutum ce, kuma akwai yara da dabbobi. A koma wurin maigari a nuna abin da aka samu, a yi godiya da bankwana.

Ko tsingaro ɗaya kada ya shiga jakarka. Kayan na ƙasar da aka tono su ne. Nijar tana da dokar kare kayan gado ta 1997, Najeriya kuma tana da doka mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa hukumar gidajen tarihi ta NCMM, ta hana tono da fitar da kayan tarihi ba da izini ba. Dalilin tsananin a bayyane yake. Bayan an nuna kayan Bura a Faransa a shekarun 1990, masu haƙar sata sun auka wa yankin suka yi kaca-kaca da maƙabartu masu yawa. A 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa kayan Bura da mutum-mutumin yumɓu na Nok da Sakkwato da Katsina cikin jerin waɗanda aka fi sacewa. Da yawa daga cikin na Sakkwato an fitar da su ba tare da an rubuta ramin da suka fito ba, shi ya sa labarin masu yin su ya tafi tare da ƙasar da aka watsar. Garin kan iyaka irin namu hanya ce da irin waɗannan kaya kan iya bi, saboda haka ɗan Illela da ya san darajarsu mai gadi ne.

Abin da za ka dawo da shi shi ne takardar shaida daga shugaban aiki, da littafinka, da ido sabo. Ka rubuta rahoto ka kai wa malaminka, ka roƙi shugaban makarantar sakandaren garinku ya ba ka awa guda ka yi wa ɗalibai bayani. Sannan ka dubi gida. Surame, birnin Sarki Kanta na ƙarni na 16 mai ganuwar dutse, tana nan cikin jihar Sakkwato, an ayyana ta wurin tarihi na ƙasa a 1964, ta shiga jerin jiran UNESCO a 2007. Ga Alƙalawa, ga Degel, ga tuddan da manoma ke turo tsingaro daga cikinsu duk damina. Akwai Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato ga mai son haɗa abin da ke ƙasa da abin da ke takarda.

Ɗan'uwa ɗalibi, 'yar'uwa ɗaliba, wannan aiki yana jiran 'ya'yan ƙasa masu haƙuri da riƙon amana. Ku nemi gurbi tun bana, ku koyo sana'ar yadda ya kamata. Kafin nan kuma, duk wanda ya ga tukunya ko mutum-mutumi ya fito a gona ko a bakin kwazazzabo, ya bar shi a inda yake, ya sanar da maigari da ƙaramar hukuma da ofishin gidan tarihi mafi kusa. Allah ya ba da sa'a, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.